Wane Ne Ɗan Ƙasa? Shari'ar Shugaba ta 1980 da Matsayin Gobirawan Bakin Iyaka

1.0 Gabatarwa

Bahaushe kan ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Wannan karin magana ya bambance mai wucewa da mai saiwa, amma bai faɗi wanda ke da ikon rarrabe su ba. A ƙasashen Sabon Birni da Isa, inda gida ɗaya kan kasu tsakanin Nijeriya da Nijar, amsar wannan tambaya ita ke yanke ko mutum zai zauna a gonar kakansa ko a tasa ƙeyarsa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna yadda wani hukunci da aka yanke a Maiduguri a 1980 ya ɗauke wannan iko daga hannun mai mulki ya danƙa wa tsarin mulki, da abin da hakan ke nufi ga Gobirawa.

2.0 Yadda Iyaka Ta Tarar da Gobir

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, da kuma yaƙin Gawakuke a 1836, Gobirawan da suka ƙi bin Sakkwato suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya Ɗan Halima ya ɓalle daga Tsibiri ya kafa Sabon Birni, ba nesa da kufan Alƙalawa ba. Ita kuwa Isa tana cikin garuruwan da Sakkwato ta riƙe a wannan gefe, mai sarautarta ma Sarkin Gobir ake kiransa. Ashe tun kafin zuwan Turawa akwai iyaka, amma iyaka ce ta biyayya: wanda ka bi, shi ne sarkinka.

Ingila da Faransa ne suka kawo iyaka ta taswira. Yarjejeniyarsu ta 1898 ta zana baka mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, aka gyara ta a 1904 da 1906, sannan aka kafa duwatsun alama tsakanin 1906 da 1908. Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka faɗa hannun Ingila. Gulbin Maraɗi bai san da wannan rabo ba, haka nan auratayya da cin kasuwa. Shi ya sa da wuya a rasa zuriya a Sabon Birni wadda wani kakanta cibiyarsa ke binne a ƙasar Faransa ta da.

3.0 Shari'ar Shugaba

Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman shi ne jagoran masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP, alhali NPN ke riƙe da gwamnatin tarayya ƙarƙashin Alhaji Shehu Shagari. A watan Janairu na 1980 jami'an shige da fice suka kama shi a Maiduguri bisa umarnin Ministan Harkokin Cikin Gida, suka fitar da shi zuwa Cadi. Hujjarsu ita ce mahaifinsa mutumin can ne, don haka shi baƙo ne. Aka shigar da ƙara a Babbar Kotun Maiduguri gaban Mai Shari'a Oye Adefila. Kotu ta gamsu cewa mahaifiyarsa 'yar asalin Borno ce, ta yanke cewa shi ɗan Nijeriya ne ta hanyar haihuwa, ta soke umarnin korar, ta kuma ce a biya shi diyyar Naira 350,000. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara, amma a 1982 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar masa da zamansa ɗan ƙasa.

Ƙa'idoji uku suka fito fili. Ta farko, fifikon tsarin mulki. Sashe na 1 na Tsarin Mulkin 1979 ya ɗora shi bisa kowace hukuma da kowane mutum, saboda haka sa hannun minista ba ya halatta abin da tsarin ya hana. Ta biyu, zama ɗan ƙasa ta haihuwa ba kyautar gwamnati ba ce, balle ta janye shi ranar da ta yi fushi. Sashe na 23 ya ce wanda aka haifa a Nijeriya kafin samun mulkin kai, muddin ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ya fito daga al'umma 'yar asalin ƙasar, to ɗan ƙasa ne, da sharaɗin a cikinsu akwai wanda aka haifa a nan. Ta uku, sashe na 38 ya hana a kori ɗan ƙasa ko a hana shi shigowa, sashe na 42 kuwa ya buɗe masa ƙofar Babbar Kotu in an taɓa wannan haƙƙi.

A nan ya kamata mai nazarin al'ada ya dakata. A wajen Bahaushe asali ta wajen uba yake bi, shi ya sa ake tambayar yaro, ɗan wane ne kai? Gwamnati ma da wannan ma'auni ta auna Shugaba. Tsarin mulki kuwa ya daidaita uwa da uba, har ya kai ga kaka. Mutum shida ke bayan kowane ɗan Adam a wannan lissafi, iyaye biyu da kakanni huɗu, kuma ɗaya daga cikinsu ya wadatar.

4.0 Abin da Ya Shafi Gobirawa

Tsarin Mulkin 1999 ya gaji waɗannan tanade-tanade a sassa na 25 da 41 da 46. Har ya ƙara sauƙi, domin sashe na 28 ya bar wanda yake ɗan ƙasa ta haihuwa ya riƙe zama ɗan wata ƙasa, abin da na 1979 ya ƙuntata. Saboda haka Bagobirin da ubansa ɗan Tsibiri ne, uwarsa 'yar Isa, ba baƙo ba ne a Nijeriya.

Wannan batu ya sake tasowa daga 2019, lokacin da hare-haren 'yan bindiga suka tilasta wa dubban mutanen Sabon Birni da Isa ƙetarawa jihar Maraɗi, inda da yawa suka sauka a gidajen dangi. An haifi 'ya'ya a can. Sashe na 25 ya riga ya amsa tambayarsu: wanda aka haifa a waje, in ɗaya daga iyayensa ɗan Nijeriya ne, shi ma ɗan Nijeriya ne. Gwamnati na iya rufe iyaka ga kaya da baƙi, kamar yadda ta yi a 1984 da 2019 da 2023, amma tsarin mulki bai yarda a hana ɗan ƙasa komawa gida ba.

5.0 Kammalawa

Sai dai Shugaba babban ɗan siyasa ne, yana da jam'iyya da lauyoyi da jaridu a bayansa. Manomin Gatawa ba shi da ko ɗaya, sau da yawa ma ba shi da takardar haihuwa, kuma a shingen kan hanya takarda ake tambaya, ba sunan kaka ba. Haƙƙin da mai shi bai sani ba, kowa na iya take shi. Aikin da ya rage ga malaman Hausa shi ne su fassara waɗannan sassa da harshen da mutumin Isa zai gane, su kai su aji da gidan rediyo, domin ya san cewa ko an kira shi raɓa, doka ta riga ta shaida shi kaba ne.