Polly Hill da Ma'aunin Tsufa a Ƙasar Hausa

Masu iya magana sun ce kowa ya daɗe ya ga daɗau. Amma ba kowane tsoho ne ke ganin daɗau iri ɗaya ba: wani yana tsufa rumbunsa cike, ƴaƴa na yi masa noma, wani kuwa furfura na riskarsa yana ƙodago a gonar wani. Wannan bambanci na daga cikin abubuwan da masaniyar tattalin arziki Polly Hill ta shafe shekaru tana nazarinsu a ƙasar Hausa.

An haife ta a Ingila a 1914, cikin gidan ilimi. Mahaifinta, A. V. Hill, ya sami lambar yabo ta Nobel, kawunta kuma shi ne John Maynard Keynes, shahararren masanin tattalin arziki. Ta yi karatu a Jami'ar Kambirij, daga baya ta tafi Gana, inda bincikenta a kan manoman koko ya fito a 1963. A can ta tabbatar da cewa manomin Afirka yana da lissafi da dabarar zuba jari, saɓanin abin da Turawa da yawa ke zato.

A 1967 ta sauka a Batagarawa, kusa da birnin Katsina. Maimakon ta dogara da alƙaluman hukuma, sai ta nemi mutanen gari su taimaka mata wajen kasa magidanta kashi huɗu, bisa ma'aunin da kowane manomi ya sani: wa zai iya jurewa idan damina ta yi gardama ko kaka ta makara? Sakamakon ya fito a littafinta Rural Hausa a 1972, ya kuma rushe tunanin da ake yi cewa talakawan karkara duk ɗaya suke.

A nan ne batun tsufa ya shigo, ta hanyar gandu. A tsarin gandu, ƴaƴa maza, har da masu aure, suna noma gonar uba, shi kuma yana ciyar da su, ya biya musu haraji, ya taimaka da kuɗin aure, ya bar musu gayauna, wadda a yankin Maraɗi ake kira gamana, su noma wa kansu. Hill ta nuna cewa gandu yarjejeniya ce da ɗa ke iya fita daga cikinta. Uba mai wadata yakan riƙe ƴaƴansa, domin yana da abin ba su. Uba matalauci kuwa ƴaƴansa kan watse neman abin kansu, ƙarfinsa ya ƙare, har ta kai shi ga sayar da gona. Ke nan talauci na raba tsoho da ƴaƴansa a daidai lokacin da ya fi bukatarsu.

Ta ci gaba da wannan nazari a Ɗorayi, gefen Kano, inda yawan jama'a ya sa gonaki suka yi ƙaranci, littafin kuma ya fito a 1977. A 1986 ta wallafa Development Economics on Trial, inda ta soki masanan da ke tsara wa manoma manufofi ba tare da sun zauna da su ba. Ta rasu a 2005.

Darasin aikinta ya wuce Katsina da Kano. A Agadas da ƙasar Abzin, inda rayuwa ta jingina ga lambuna da kiwo da ayarin gishiri na Bilma da Fashi, tambayar ba ta canza ba: idan ƙarfin uba ya ƙare, wa ke jan raƙumin, wa ke ban ruwa? Ya kamata malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu su zauna da dattawa su rubuta amsoshinsu tun suna raye, domin da su za a gane ko zumuncin da muke alfahari da shi yana kaiwa ga tsohon da ba shi da komai.