Fuskar Kaka da Ta Ɓace a Cikin Rawani

A akwatin ƙarfen mahaifiyata a Gadarif akwai wani ƙaramin hoto na kakanmu, wanda aka ɗauka domin takardar tafiya Makka. Rawaninsa fari tas, jallabiyarsa ana iya ƙirga ninkinta, amma fuskar duhu ce kawai, sai ɗan ƙyallin ido. Na daɗe ina zargin tsufan takarda. Da na fara bibiyar tarihin kyamara domin wani shiri da nake gabatarwa a rediyo, sai na gane tun ranar da aka ɗauke shi haka yake.

Tushen abin ya girmi kyamara. Ibnul Haisam, masanin Basra da ya rasu a Alkahira wajen 1040, ya bayyana yadda haske ke bi ta ƙaramin rami ya zana siffar waje a kife a bangon ɗaki mai duhu. Ya lura cewa ƙanƙantar ramin na fito da siffar, faɗinsa kuma na dagula ta. Kama siffar ta zauna shi ne ya gagara, sai wajen 1826 da Niépce na Faransa ya yi nasara, bayan ya bar farantinsa yana shan rana aƙalla sa'o'i 8. A 1839 aka bayyana dabarar Daguerre, lokacin ya sauko zuwa mintoci. Shi ya sa mutanen hotunan farko suke a sandare: wanda ya motsa ya zama hazo.

Tun daga nan mai hoto ke fama da abu uku. Na farko faɗin ƙofar da haske ke shiga, kamar ƙwayar ido da ke buɗewa da dare ta tsuke da rana. Ana auna ta da lamba: daga f/8 zuwa f/11 hasken ya ragu da rabi. Na biyu tsawon lokacin da marfin zai zauna a buɗe, ƙiftawar kyamara ke nan. Na uku saurin fim wajen jin haske, abin da yau ake kira ISO. Mai lamba 200 rabin hasken mai 100 yake buƙata. In ka rage ɗaya, dole ka biya da ɗaya, kuma kowane da tsadarsa. Buɗe ƙofa na dusashe abin da ke baya, jinkirta marfi na kama motsi, fim mai sauri kuma na kawo tsaki-tsaki a hoto.

A nan ne matsalar kakana take. Ma'aunin haske yana ɗauka duk abin da ke gabansa matsakaicin toka-toka ne. Idan ya ga farin tufafi a ranar Sudan, sai ya ce haske ya yi yawa, a rage. Tufa ta fito, baƙar fata ta nutse. Fim mai launi ma bai tsira ba, domin daga shekarun 1950 ɗakunan wanke hoto sun riƙa daidaita launi da katin Kodak mai ɗauke da hoton Baturiya.

Amma ba kowane mai hoto ya bi ma'auni ido rufe ba. Rashid Mahdi, wanda ya yi shekaru yana aiki a Atbara, garin jirgin ƙasa, ya bar hotunan 'yan Sudan da fuskokinsu suka fito sarai cikin fararen kaya. Irin wannan ba sa'a ba ce. Ana kai mutum inuwa ko a daidaita masa fitila, a auna haske a kan fuska, a ƙara buɗe ƙofa.

Kakannin Hausawan nan da yawa sun baro Kano da Sakkwato a ƙasa, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903, suka yada zango a Mai Wurno da Gadarif suna noman dawa da riɗi don haɗa guzurin aikin Hajji. Mafi yawansu hoto ɗaya suka bari, wasu ko ɗaya babu. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, na ga iyalan da suka iso garin nan daga Khartum ba su tsira da hoton kowa ba.

Wayar hannunka tana yin wancan lissafi uku da kanta, kuma takan yi kuskuren da aka yi wa kakana. In za ka ɗauki tsohuwarka, kai ta gindin bishiya, ka taɓa fuskarta a allon wayar kafin ka danna.