Gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Phoenix: Yadda ake tantance amintaccen mai gyara

Phoenix, babban birnin jihar Arizona ta Amurka, yana cikin Hamadar Sonora, kuma mazaunansa sun kai kimanin miliyan 1.6. A shekarar 2023 birnin ya yi kwana 31 a jere, daga 30 ga Yuni zuwa 30 ga Yuli, zafinsa na kaiwa digiri 43 ko fiye a ma'aunin Salsiyos. A daren 19 ga Yuli zafin bai sauka ƙasa da digiri 36 ba. Hukumar lafiya ta gundumar Maricopa, wadda Phoenix ke cikinta, ta tabbatar da mutuwar mutum 645 sanadiyyar zafi a wannan shekara. Cikin waɗanda suka rasu a ɗakunansu, akasari suna da na'urar sanyaya ɗaki, sai dai ta lalace. Wannan ne ya sa zaɓen mai gyara a birnin ya zama batun rai, kuma hukumomi ba su bar shi ga sa'ar mai gida kaɗai ba.

Lasisi da abin da yake karewa

Hukumar Rajistar 'Yan Kwangila ta Arizona, wadda ake taƙaita sunanta da ROC, an kafa ta a 1931. Ita ke ba masu girka na'urorin sanyaya gida da masu gyara su lasisi, bayan jarrabawa da ajiye kuɗin jingina. Doka ta wajabta wa mai lasisi ya sa lambarsa a tallarsa da takardun kwangilarsa. Kowa na iya shigar da lambar a shafin hukumar na intanet, ya ga ko lasisin na aiki, da irin aikin da ya ƙunsa, da ƙorafe-ƙorafen da aka shigar a kan mai shi.

Amfanin lasisin yakan bayyana ne ranar da aiki ya ɓaci. Mai gida yana da shekara biyu ya kai ƙara gaban hukumar, wadda ke iya tura mai bincike, ta umarci ɗan kwangila ya gyara ɓarnarsa, ko ta dakatar da lasisinsa. Akwai kuma asusun diyya da ke biyan mai gida har dala 30,000, amma sai idan yana zaune a gidan kuma mai lasisi ya ba aikin. Wanda ya ɗauko ɗan kwangilar da ba shi da rajista don neman sauƙi ya fita daga wannan kariya. Doka ta yarda wanda ba shi da lasisi ya yi ƙaramin aikin da bai kai dala 1,000 ba, in aikin bai buƙaci izinin gini ba, da sharaɗin ya bayyana a tallarsa cewa shi ba mai lasisi ba ne.

Akwai shaida ta biyu daga gwamnatin tarayya. Duk wanda zai taɓa gas ɗin na'urar dole ya mallaki takardar ƙwarewa ƙarƙashin sashe na 608 na dokar tsaftar iska, wadda hukumar kare muhalli ta EPA ke kula da ita.

Inda aka fi cutar masu gida

Zafi yana rage wa mutum ikon ciniki. Wanda ɗakinsa ya zama tanda, ga tsoho ko jariri a gida, ba ya jayayya kan farashi, kuma mayaudara sun san haka. Sanin yadda na'urar ke aiki shi ne garkuwar farko.

Gas ɗin da ke sanyaya iska yana zagayawa ne cikin rufaffun bututu, ba ya ƙarewa kamar man mota. Idan ya ragu, to akwai yoyo. Mai gyaran da ya ƙara gas ba tare da neman inda yake zuba ba ya shirya wa kansa dawowa ne da sabon lissafi. Haka kuma yawancin lalacewar lokacin zafi ƙanana ne: kafasita ta ƙone, matatar iska ta toshe da ƙura, ko bututun zubar da ruwa ya cushe. Kafasita ƙaramin abu ne mai arha, amma idan ta mutu na'ura takan tsaya kamar kwamfaresa ce ta lalace, wadda ita ce mafi tsada a jikinta. Mai gaskiya zai gwada ta da mita a gaban mai gida, ya nuna masa sakamakon, ya bar masa tsohon kayan da ya cire.

Wata hanyar tsoratarwa ta shafi tsohon gas mai suna R-22. Amurka ta hana ƙera shi da shigo da shi tun 1 ga Janairun 2020 saboda illarsa ga sararin samaniya. Hanin bai haramta amfani da tsohuwar na'ura ba, kuma ana gyara ta da gas ɗin da aka tace aka sake sarrafawa, ko da yake ya yi tsada. Duk wanda ya ce doka ta tilasta a canza na'urar nan take ya faɗi abin da ba haka ba.

Saboda haka ƙa'idojin da aka saba bi su ne: a karɓi ƙiyasin kuɗi a rubuce kafin a fara aiki, wanda ya raba kuɗin kaya da na aikin hannu, a nemi ra'ayin mai gyara na biyu kafin a amince da sayen sabuwar na'ura, kada a biya dukkan kuɗi tun aiki bai kammala ba, a riƙe rasit da takardar garanti. Duba na'ura a watan Maris ko Afrilu, kafin layi ya yi tsawo, yana ba mai gida sararin zaɓe.

Masu haya da marasa ƙarfi

Ɗan haya ba shi ke zaɓen mai gyara ba, don haka kariyarsa na cikin wata doka dabam. Dokar birnin Phoenix ta ce na'urar gidan haya dole ta iya sauko da zafin ɗaki zuwa kimanin digiri 28, ko digiri 30 idan irin mai sanyaya iska da ruwa ce. Dokar haya ta jihar kuma ta ba mai gida kwana biyar, bayan sanarwa a rubuce, ya gyara abin da ke barazana ga lafiyar ɗan haya.

Gyara ba ya amfani idan babu wuta. A watan Satumban 2018 wata dattijuwa mai shekara 72 ta rasu a gidanta da ke wajen birnin, bayan an yanke mata lantarki kan ragowar bashin dala 51. Da labarin ya fito a 2019, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin lantarki na jihar ta hana yanke wa gidaje wuta daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Oktoba. A 2021 kuma Phoenix ta buɗe ofishi na musamman don tunkarar matsalar zafi.

Duk da waɗannan matakai, giɓi na nan. Lasisi da asusun diyya suna kare wanda ke da kuɗin kiran mai gyara. Tsohon da ke zaune shi kaɗai kan ɗan fansho, ko mai zama a gidan tirela da ke ɗaukar zafi da wuri, yakan jinkirta gyara ko ya koma ga mara lasisi, kuma irinsu ne ke yawaita cikin waɗanda ke rasuwa a ɗakunansu a rahoton mace-macen gundumar duk shekara.