Kwafar bidiyo daga kaset ɗin MiniDV zuwa kwamfuta

Kwafar bidiyo daga kaset ɗin MiniDV aiki ne na ɗauko hoto da sautin da kyamarar bidiyo ta naɗa a kan zaren kaset, a mayar da su fayil a cikin kwamfuta. Ana yin sa ne ta wayar FireWire, kuma yana cin lokaci daidai da tsawon abin da aka naɗa: kaset na awa ɗaya, awa ɗaya zai ɗauka. Da Turanci ana kiran aikin da kalmar da ke nufin "kamawa", amma "kwafa" ta fi dacewa da shi, domin abin da ke kan kaset ɗin MiniDV lambobi ne tun asali, kwamfuta ba ta sake ɗaukar komai, karɓa kawai take yi ta ajiye. Duk da haka aikin ya yi suna wajen ba da wahala, kuma wahalar ta ƙaru tun da kamfanoni suka daina ƙera kyamarorin suka kuma cire ramin FireWire daga kwamfutoci.

Tarihi

Tsarin DV ya fito a shekarar 1995 bayan yarjejeniya tsakanin manyan kamfanonin lantarki, ciki har da Sony da Panasonic. A shekarar ne Sony ya fitar da DCR-VX1000, wadda ta zo da ramin aika bidiyo kai tsaye zuwa wata na'ura. MiniDV shi ne ƙaramin kaset na wannan tsari. Faɗin zarensa milimita 6.35 ne, yana ɗaukar minti 60 a gudun da aka saba, wato SP, ko minti 90 a gudun LP. Daga baya Sony ya kawo Digital8 a 1999, wanda ke naɗa irin waɗannan lambobi a kan kaset ɗin Hi8, sannan a 2003 aka fito da HDV mai hoto mafi tsabta a kan kaset ɗin MiniDV ɗin dai.

Wayar da ke haɗa kyamara da kwamfuta sunanta a hukumance IEEE 1394. Apple ya raɗa mata FireWire, Sony kuma i.LINK, a jikin kyamarori da dama kuwa DV kawai ake rubutawa. Sunayen uku abu ɗaya suke nufi.

A arewacin Najeriya, fina-finan Hausa na bidiyo da suka faro a Kano da Turmin Danya a 1990 sun shafe shekaru ana ɗaukarsu a kan kaset, haka ma bukukuwan aure da suna da hawan Sallah da wa'azozi. Da yawa daga cikin waɗannan kaset-kaset ba su da wani kwafi a ko'ina.

Yadda kwafar ke gudana

Kyamara tana turo bidiyo a kan kusan megabit 25 a daƙiƙa ɗaya, wanda idan aka haɗa da sauti yake kai kimanin gigabait 13 a awa. Zaren kaset ba ya tsayawa ya jira kwamfuta, kuma hanyar da FireWire ke bi wajen aika bidiyo ba ta da damar a ce "maimaita". Abin da ya wuce ba a karɓa ba ya wuce. Daga nan mafi yawan matsalolin suke tasowa.

Hoton yana bi ta wurare shida kafin ya zama fayil: zaren kaset, kan karatu na kyamara, waya, ramin FireWire, direban da ke cikin kwamfuta, sai manhaja da rumbun ajiya. Ƙaramin allon da ke jikin kyamara ya raba wannan jeri gida biyu. Idan hoto ya lalace a allon kyamarar kanta, laifin na kaset ne ko na kan karatu, kuma babu wani gyara a kwamfuta da zai yi amfani. Idan kuwa allon yana nuna hoto garau amma kwamfuta ba ta samu ba, sai a duba daga waya zuwa gaba. Masu gyara da yawa suna ɓata kwanaki suna sauya manhaja alhali kallon minti ɗaya a allon kyamara ya isa ya nuna inda matsalar take.

Idan kwamfuta ba ta ga kyamara ba

Wannan ita ce matsalar da aka fi kawowa. Abu na farko shi ne maɓallin kyamara ya kasance a wajen kallo, inda aka rubuta VCR ko PLAY, ba wajen ɗauka ba. A kuma jona ta da wuta, saboda tsohon batir kan mutu a tsakiyar aiki.

Na biyu shi ne irin wayar. Yawancin kyamarorin MiniDV suna da ramin USB, amma a mafi yawansu an yi shi ne don kwashe hotunan da ke kan katin ajiya ko aika ƙaramin bidiyo mara inganci. Kaɗan ne, kamar wasu na Panasonic, ke iya aika cikakken DV ta USB. Akwai kuma wata waya da ake sayarwa da arha mai kan USB a gefe ɗaya da kan FireWire a ɗaya gefen. Wannan ba ta aiki, domin USB da FireWire ba yare ɗaya suke yi ba, kuma babu abin da ke fassara tsakaninsu a cikin wayar. Tana iya ma lalata ramin kyamara.

Kan FireWire iri uku ne: mai fil 4, wanda ke jikin kusan kowace kyamara, mai fil 6, da mai fil 9 na FireWire 800. Mai fil 4 ba ya ɗauke da wuta, sauran biyun kuwa suna ɗauke da ita, har tana iya kaiwa bolt 30. Idan aka tura mai fil 6 a karkace ko a juye kwamfuta na kunne, wutar na iya shiga layin da bayanai ke bi ta ƙona sashen FireWire na kyamarar. Kyamarar za ta ci gaba da ɗauka da nunawa lafiya lau, sai dai babu kwamfutar da za ta sake ganinta. Shi ya sa ake kashe duka na'urorin biyu kafin a jona, a kunna kwamfuta, sannan a kunna kyamara. Hanyar gane ƙonannen rami ita ce a gwada wata kyamarar da waya ɗaya da kwamfuta ɗaya.

Sai batun kati da direba. Kwamfutar tebur ana iya sa mata katin FireWire, kuma masu wannan aiki sun fi yarda da katin da ke ɗauke da cip ɗin Texas Instruments, ko da yake na VIA ma kan yi. Tun daga Windows 7 Microsoft ya sauya direban 1394, sabon kuma bai jitu da tsofaffin kyamarori da dama ba. Maganin shi ne a shiga Device Manager a zaɓi direban da ke da kalmar Legacy a ƙarshen sunansa. A Windows 7 yana nan ciki. Daga Windows 8 sai an sauko da shi daban. A ɓangaren Apple, an fara cire ramin daga MacBook na 2008, a 2012 kuma kamfanin ya fitar da mahaɗin Thunderbolt zuwa FireWire. Kwamfutocinsa masu USB-C suna buƙatar mahaɗi biyu a jere kafin a kai ga kyamara, kuma macOS Tahoe na 2025 ya daina tallafa wa FireWire gaba ɗaya. A Linux ana amfani da dvgrab. A aikace, tsohuwar kwamfuta mai ramin FireWire na asali ta fi sabuwa sauƙin sha'ani a wannan aiki.

Idan an ga kyamara amma babu hoto

Wani lokaci manhaja tana iya juya kaset gaba da baya amma allon kwamfuta baƙi ne. Sau da yawa saɓanin tsari ne. Kyamarar HDV tana aika hoto a tsarin MPEG-2, manhajar DV irin su WinDV kuma ba ta gane shi. Ko dai a koma HDVSplit da makamantanta, ko a sa kyamarar ta rage hoton zuwa DV daga cikin saitinta. A cire wayar kafin a sauya wannan saiti.

Haka nan akwai bambancin PAL da NTSC. PAL yana da 720 × 576 da hotuna 25 a daƙiƙa, NTSC kuma 720 × 480 da hotuna 29.97. Najeriya PAL take bi, amma kyamarorin gwanjo da suka fito daga Amurka ko Japan NTSC ne, kuma yawancinsu ba sa karanta kaset ɗin PAL yadda ya kamata. Wanda zai sayi tsohuwar kyamara don kwafar kaset ɗin gida sai ya fara tabbatar da wannan.

Hoto mai yankewa da murabba'ai

Idan hoto yana fashewa zuwa ƙananan murabba'ai, ko ana ganin layuka masu faɗi a kwance suna tsallake juna, sauti kuma yana tsinkewa, galibi kan karatu ne ya toshe. Gangar da ke ɗauke da shi tana juyawa sau 9,000 a minti, kuma layin da take karantawa faɗinsa maikiron 10 ne kacal, don haka ƙura kaɗan ta isa. Ƙurar hunturu da zafin ɗakin kwano duk suna cutar da kaset da kyamara. Ana amfani da kaset ɗin goge kai na kimanin daƙiƙa 10. Yawan maimaita shi yana cinye kan. Ba a sa auduga a goge shi, domin zarenta na iya kama shi ya karye.

Don a bambance laifin kaset da na kyamara, sai a mayar da zaren baya a sake kunna wurin. Idan lalacewar ta dawo a daidai wuri ɗaya kowane karo, a jikin zaren take. Idan tana sauya wuri, kan karatu ne. Kwafa ta biyu ko ta uku kan fito da abin da ta farko ta rasa, kuma manhajar DVRescue an yi ta ne don ta gano wuraren da suka lalace ta kuma haɗa kwafi da dama ta fitar da mafi kyau.

Kaset ɗin da aka naɗa a LP matsalarsa daban ce. Layinsa maikiron 6.7 ne, ya yi siririn da ɗan bambancin saiti tsakanin kyamara biyu kan hana karanta shi. Irin wannan kaset ya fi yarda da kyamarar da ta naɗa shi, idan tana raye, ko wata ta kamfani ɗaya.

Kyamarorin Sony suna nuna lambar kuskure: C:21 na nufin raɓa ta shiga, sai a cire kaset a bar murfin a buɗe kamar awa ɗaya, C:22 kan karatu ya yi datti, C:31 da C:32 kuma matsalar injin da ke jan zare ce. Kyamarar da ke nuna na ƙarshen ba a sa mata kaset mai muhimmanci, don tana iya tauna zaren.

Tsallaken hoto, tsayawa da saɓanin sauti

Idan allon kyamara lafiya yake amma fayil yana tsallake, kwamfuta ce ba ta karɓa da sauri. A rufe sauran manhajoji, a hana ta yin barci, kada kuma a sa ta matse bidiyon zuwa MP4 a lokacin da take karɓa. A ajiye DV ɗin yadda ya zo, matsewa ta biyo baya.

Kwafar da ke tsayawa bayan kimanin minti 18 alama ce ta rumbu ko filashi mai tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4. A koma NTFS ko exFAT. Wadda ke tsayawa a wani wuri na daban kuwa sau da yawa giɓi ta tarar: idan mai ɗauka ya bar fili babu komai tsakanin ɗauka biyu, lambar lokacin da ke kan zaren tana komawa sifili, wasu manhajoji kuma sai su ɗauka kaset ya ƙare.

DV yana naɗa sauti iri biyu, bit 16 a kilohaz 48 ko bit 12 a kilohaz 32. Idan an sauya daga ɗaya zuwa ɗaya a tsakiyar kaset, magana kan rabu da motsin baki ko ta ɓace daga nan. Maganin shi ne a raba fayil a wurin da sauyin ya faru.

Akwai abu ɗaya da ake ɗauka matsala ce alhali ba ita ba ce: siraran layuka kamar haƙoran mataji a gefen abin da ke motsi. DV yana raba kowane hoto gida biyu ne don tsohuwar talabijin, allon kwamfuta kuma yana nuna su tare. VLC da ire-irenta suna iya haɗe su lokacin kallo, ba sai an taɓa fayil na asali ba.

Kaset-kaset da ba na lambobi ba

VHS-C da Video8 da Hi8 ba lambobi suke naɗawa ba, don haka sai an bi ta na'urar da za ta mayar da su lambobi. Wasu kyamarorin Digital8 suna karanta Video8 da Hi8 su fitar da su ta FireWire, akwai kuma akwatuna irin su Canopus ADVC-110. Ƙananan na'urorin USB masu arha suna yi, amma sun fi yawan kawo rawar hoto da saɓanin sauti, kuma idan aka zaɓi NTSC a maimakon PAL hoton kan fito ba kala ko yana birgima.

Kafin a sa kowane kaset ɗin MiniDV a kyamara, ana tura ɗan makullin da ke bayansa zuwa SAVE don kada a naɗa wani abu a kansa bisa kuskure. Wanda ya daɗe a ajiye ana juya shi har ƙarshe a dawo da shi farko sau ɗaya kafin a kunna, wanda kuma ya yi fumfuna ba a sa shi sai an tsabtace shi, domin zai toshe kan karatu nan take. Bayan an kwafa ana riƙe kaset ɗin, a ajiye shi a tsaye cikin akwatinsa nesa da rana da lasifika, fayil ɗin kuma a yi masa kwafi biyu a wurare daban-daban.