Ƙasashe 27, Baki Ɗaya? Ai Da Wuya

Kwanaki muka yi gardama da wani abokin aikina a ofis kan takunkuman da Tarayyar Turai ke sa wa Rasha. Shi a ganinsa akwai wani babba a Brussels da ke ba da umarni, ƙasashe 27 su bi. Na ce masa da haka ne ai da sun huta. Ga abin da na sani, mai gyara ya gyara.

Asalin abin daga 1970 ne, lokacin ƙungiyar na da ƙasashe shida kacal. Ministocin harkokin waje kan haɗu su yi shawara, amma ba tilas a kan kowa. Sai yarjejeniyar Maastricht, wadda aka sa wa hannu a 1992, ta mayar da shi manufa ta bai ɗaya kan harkokin waje da tsaro. Tun a lokacin aka ga inda gizo ke saƙa. Yugoslavia na wargajewa, suka yi alkawari a Disambar 1991 cewa sai 15 ga Janairu za su amince da sababbin ƙasashen tare. Jamus ba ta jira ba, ranar 23 ga Disamba ta amince da Kuroshiya da Sulobeniya, sauran suka biyo baya.

A 2003 kuwa gidan ya rabu biyu kan yaƙin Iraƙi. Birtaniya, Spain da Poland suka bi Amurka, Faransa da Jamus suka ce ba da su ba.

Yarjejeniyar Lisbon ta 2009 ta yi ƙoƙarin ɗinke ɓarakar. Ta ƙara wa kantoman harkokin waje ƙarfi, aka kafa masa ma'aikata da ofisoshin jakadanci a duniya. Yanzu Kaja Kallas ce a kujerar, tsohuwar firaministar Estoniya. Amma ƙa'ida ɗaya ba a taɓa ta ba: babban mataki irin takunkumi sai kowace ƙasa ta yarda. Jakadu su zauna su tace takarda, ministoci su haɗu kusan kowane wata, in abu ya gagara a kai wa shugabanni. Wallahi duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ma'aikatu ya san wannan aikin. Ana cire kalma ana sa wata har sai an samu jimlar da ba ta ɓata wa kowa rai, wani sa'in kuma ba ta faɗi komai ba.

Nan ƙaramar ƙasa ke samun bakin magana. A 2020 Cyprus, ɗan tsibirin nan, ta riƙe takunkumin Belarus na makonni don tana so a hukunta Turkiyya ita ma. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na Disambar 2023. Viktor Orban na Hungary ya ƙi yarda a buɗe tattaunawar shigar Yukren ƙungiyar, sai shugaban gwamnatin Jamus Olaf Scholz ya ba shi shawara ya fita ya sha kofi. Ya fita, sauran 26 suka yanke hukunci. A zaman nan dai ya hana tallafin yuro biliyan 50 ga Yukren, sai a Fabrairun 2024 ya sakar musu.

Kan Falasɗinu ma haka ne. A Mayun 2024 Spain da Ireland suka amince da ita a matsayin ƙasa, kowacce don kanta, Jamus kuwa ba ta motsa ba.

Abin da ya sa nake bin wannan labari shi ne maƙwabtanmu. A Yulin 2024 Nijar, Mali da Burkina Faso suka mayar da ƙawancensu na AES tarayya a Yamai, kuma diflomasiyya na cikin abubuwan da suka ce za su yi tare. Yanzu kam bakinsu ɗaya. Ina jiran ranar da Bamako za ta so abu, Yamai ta ce a'a, in ga wa za a tura shan shayi. 'Yan uwa na Nijar, ku faɗa mana yadda kuke gani daga can.