2.3 Tarihin Jigon Soyayya da Cin Amanar Aure a Rubutaccen Adabin Hausa

Jigon soyayya da cin amana ya daɗe a rubutaccen adabin Hausa. Tun a shekarar 1934 aka buga Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, inda attajiri Malam Shaihu ya yi amfani da dukiyarsa ya auri Zainabu, budurwar Abubakar, abin da ya jawo ɗaukar fansa. Sai dai littafin bai ɗauki al'amarin da raha ba.

Wanda ya fito da fuskar ban dariya ta wannan jigo shi ne Shu'aibu Maƙarfi, a wasan kwaikwayonsa Jatau na Kyallu (1960). A nan an nuna Malam Jatau, mai hali, wanda son wata karuwa mai suna Kyallu ya rufe wa ido har ya aure ta, ya wulaƙanta iyalinsa, daga bisani ya tsiyace. Dariyar da ake yi wa Jatau dariyar gyara kayanka ce, domin manufar marubucin ita ce jan kunnen magidanta game da ruɗin zamani.

Taɓarɓarewar tattalin arziki a shekarun 1980 ta raunana kamfanonin ɗab'i irin su NNPC ta Zariya, sai matasa suka shiga buga littattafansu da kansu, musamman a Kano. Wannan ne ya ba mata damar faɗin albarkacin bakinsu. A Alhaki Kwikwiyo Ne (1990), Balaraba Ramat Yakubu ta dawo da irin labarin Jatau: Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta, sannan gobarar kasuwa ta cinye dukiyarsa. Bambancin shi ne, Maƙarfi ya tsaya kan wautar miji, ita kuwa Balaraba ta bi sawun matar da aka kora, ta nuna yadda ta riƙe 'ya'yanta da sana'ar sayar da abinci. Ke nan abin da ya kasance wasa a hannun namiji ya zama ƙorafi a hannun mace.

Waɗannan littattafai sun sha suka. Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu kuma ya kare su a jaridu. A 2001 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda daga baya ta sa ido kan marubuta, a 2007 kuma aka ƙona wasu littattafai a Kano bisa zargin ɓata tarbiyya.

Dangane da ƙasar Zuru ta Jihar Kebbi, inda Hausa ke zaman harshen kasuwa da cuɗanya, wannan jigo yana da wata ma'ana ta daban. A al'adar Dakarkari ta golmo, saurayi kan yi shekaru yana yi wa surukinsa noma kafin a ba shi mata. Saboda haka attajirin da ke samun mace da kuɗi kuma ya sake ta yadda ya ga dama ya saɓa wa wannan tsari ƙwarai, kuma da wannan ma'auni ne za a nazarci labaran a babi na gaba.