Kufan Ƴandoto

Matafiyin da ya bar Gusau ya nufi Tsafe, a ƙasar Zamfara, zai ratsa ta wani ɗan gari da ake kira Ƴandoton Daji, kuma in ba an faɗa masa ba, ba zai yi zaton cewa a wannan yanki ne aka yi Ƴandoto, birnin malamai wanda almajirai suka riƙa yi wa takakkiya daga sassan ƙasar Hausa, tun zamanin da wurin yake ƙarƙashin sarakunan Katsina. A ƙasar Ailan, inda masu zuhudu na Nasara suka gina mazauninsu na Clonmacnoise da dutse, sojan Ingila sun washe wurin a 1552, amma hasumiyarsa da bangon majami'unsa suna nan tsaye har yau; magabatanmu kuwa da ƙasa suka yi gini, saboda haka abin da yaƙi ya rage damina ta cinye, har ya zamana riwayar baka ita ce babban abin da ya saura.

Duk Bakatsinen Maraɗi da ke zaune a unguwar Zongo ta Yamai, in ya ji maroƙi ya ambaci Korau, to labarin Ƴandoto ake taɓo masa ko bai sani ba. Riwaya ta ce daga can Korau ya fito, ya je Katsina ya yi kokawa da Sarki Sanau a gindin tsamiyar Bawada, ya kashe shi bayan matar Sanau ta tona asirin layarsa, ya hau gadon sarauta. Shi ne Muhammadu Korau da ake lissafawa farkon sarki Musulmi a Katsina, a ƙarni na 15.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda garin ya faɗi, domin ba a hannun arna ya faɗi ba. Bayan hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo zuwa Gudu a 1804, malaman Ƴandoto suka rarrabu, mafi yawansu suka ƙi yin mubaya'a, suka kori waɗanda suka karkata ga Shehu daga cikinsu. Wajen 1806 Muhammadu Bello, ɗan Shehu, ya sauka da runduna kusa da garin, kuma bisa abin da shi kansa ya rubuta cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, ya aika musu su zo a yi munazara, wanda hujjarsa ta rinjaya a bi shi, suka ƙi ko da ganawa da shi, sa'an nan ya ci garin. Ba na tuhumar Bello, Allah ya jiƙansa, da ƙarya, amma adalci ya wajabta a tuna cewa bayanin mai nasara ne ya yaɗu a rubuce, alhali waɗancan ma ma'abota fiƙihu ne masu dalilansu na ƙin fito-na-fito da sarki mai salla. Mutanen yankin kuwa suna riwayar cewa littattafan garin sun salwanta a wannan yaƙi, wasu su ce ƙone su aka yi, wasu su ce iska ta watsa takardun cikin daji.

Daga cikin malaman Ƴandoto da suka bi Shehu akwai Malam Sambo ɗan Ashafa, wanda ya kafa Gusau, kuma zuriyarsa ce take riƙe da sarautar Sarkin Katsinan Gusau.